Sun san Damana da damana, ba su san ta da kaka ba

Babban hutun makaranta a Nijar yana kamawa ne daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Oktoba. Wato ana sallamar yara lokacin da ruwa ya zauna, a kira su aji daidai lokacin da hatsi ya nuna. Ga ɗan ƙauye tsarin bai yi laifi ba, don yana samun taya ubansa noma. Ɗan birni ne ya yi hasara, shi da ake aikawa gida hutu a watan da gida ya fi kowane lokaci kunyar baƙo.

Wani ma'aikacin gwamnati da ke Yamai ya daɗe bai lura da wannan ba. Haifaffen Damana ne, a ƙasar Tondikandiya ta gundumar Filinge. Ubansa Bakurfaye, uwarsa Bazabarmiya. Kowane Agusta yakan sa ƴaƴansa huɗu mota zuwa wurin tsohuwarsa, yana ganin ya sauke hakkin zumunci. Su kuwa sukan komo da zazzaɓi da ƙorafi. Wata rana babbarsu ta dube shi ta ce: "Baba, garinku ba kome sai sauro da jiran tukunya." Maganar ta yi masa zafi, kuma abin da ya ƙara mata zafi shi ne yarinyar ba ta yi ƙarya ba. A Agusta rumbu ya kai ƙasa, tiyar hatsi ta yi tsada a kasuwa, duk mai ƙarfi yana gona tun asuba. Abin da ta gani ke nan shekara da shekaru, da shi kuma za ta auna asalinta har ta girma.

Shi ya sa a kakar 2022 ya ƙudura kai su kwana ɗaya tak, Asabar zuwa Lahadi, cikin rabin Oktoba na biyu.

Wanda bai san Dallol Bosso ba zai ce me za a gani. Tsohon kwari ne mai faɗi da kogi ya bari tun zamanin da ba a tunawa, ya gangaro daga arewa ya bi ta Filinge da Balleyara har ya tarar da kogin Isa. Duwatsu sun yi masa katanga, kuma da Zabarmanci "tondi" dutse ne. Ruwa bai da nisa ƙarƙashin rairayinsa, don haka itatuwa suke samun tsayuwa. Sarkinsu gawo, mai saɓa wa ƴan uwansa: da damana, sa'ad da kowa ya yi kore, shi tsirara yake, ba ya tare wa shuka rana, sai ruwa ya ɗauke yake tofo. A kaka kaɗai ake ganin abin nan biyu tare, zangarniya ta sunkuya a ƙasa, sabon ganye na fitowa a sama.

Gawon nan ne ke saukar da raƙuman dawa daga tudu zuwa kwari da rani. Su ne suka rage a duk Afirka ta Yamma. A 1996 an ƙirga 49 kacal. Kafin 2020 sun haura 600, har garken ya bazu daga Kure ya hauro wajen Fandu. Manomi dai ba ya yi musu kallon da baƙo ke yi, tun da suna yi masa ɓarnar wake. A Fandun nan aka haifi Seyni Kunce, wanda ya mulki ƙasar daga 1974 zuwa 1987, abin da yaran suka hardace a aji ba tare da sun san maƙwabcin kakarsu ne ba.

To amma uwargidansa ba ta yarda da sauƙi ba. "Maigida," in ji ta, "gawo kake son nuna musu, ni kuwa hanya nake tunani." Ba wanda zai ga laifinta. Tun 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jahar Tillaberi, a farkon 2020 aka hana yawo da babur a wurare da dama. Ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum 8 a Kure, Faransawa 6 da ƴan Nijar 2, masu zuwa kallon raƙuman dawa. A Maris 2021 aka kashe mutum 58 wajen Banibangu, da yawansu masu komowa daga kasuwa. Ɗan kasuwar da ke bin hanyar Filinge ba ya bukatar a karanta masa wannan lissafi.

Don haka shirin nasa bai yi kama da na masu yawon buɗe ido ba. Kwana uku a jere yana buga wa ƙanensa waya, ya kuma tambayi direbobin tasha, waɗanda labarinsu ya fi na rediyo saurin isowa. Aka yanke cewa sai rana ta fito za a tashi, a komo kafin la'asar ta Lahadi, kowa da takardarsa a hannu saboda shingayen jami'an tsaro, kuma ba mai nisa da gonakin gari. Gidan sauro huɗu, don Oktoba ba ta raba mutum da zazzaɓi. Rufaffen takalmi, saboda ƙarangiya da kunama. Sai tsaraba: sukari, shayi, sabulu, goro, turmin atamfa na tsohuwa. Wanda ya ce zuwa ƙauye ya fi otel araha bai taɓa sauka gidan ubansa da albashi a aljihu ba.

Balleyara tana da kimanin kilomita 100 daga Yamai, Damana na gaba kaɗan. Kafin azahar sun isa. Tsohuwa ta tari autan da wasan jika: "Maigidana, sai yau ka tuna da ni, da ka ji rumbu ya cika?" Ta kira babbar kishiya, ta miƙa mata ƙwaryar hura ta sabon hatsi. Da marece aka gasa musu tumu a bakin gona, suka ci har baki ya yi baƙi. Ƙaiƙayi ya kama su da suka taɓa dammuna, suka yi ta susa ana dariya. Sun ga ƙanen ubansu yana ware dame ɗaya cikin kowane goma na zakka kafin a kai saura rumbu, suka ga wanda ya zo karɓa, tsoho ne makaho da jikansa ke ja. Babbar ta tsaya ta ƙirga dammunan gidan da kanta, ta tambaya ko za su kai wata damana. Aka ce mata in an yi tattali, kuma in samari sun aiko daga Kwatano da Abijan.

Raƙumin dawa ko ɗaya ba su gani ba. Ƙanen ya ce an hange su can gaba, uban ya dubi rana ya ce a bari.

Sun komo da dame biyu bisa mota da ƙullin yakuwa. A gidansu na Yamai babu turmin da zai ɗauki sussuka, sai da aka aro na wata maƙwabciya ƴar Dogon Dutsi, ita ce ma ta koya wa yaran shiƙa. Tun daga wannan shekara duk Oktoba yakan buga wa ƙanensa waya ya tambayi hanya, kuma har yanzu amsar ba ta kai ya sake sa su mota ba.