Faifan Ingila da mamarin Gaya

A ƙasar Ingila akwai wasu masunta waɗanda ba yunwa ke kai su bakin ruwa ba. Sukan kama kifin kogi, su auna nauyinsa, sa'an nan su mayar da shi ruwa da ransa. Abin alfaharin wasunsu shi ne wani ɗan faifai da ake ɗaurawa a gindin sandar fatsa domin naɗe zare, wanda suke kira santafin. Ba shi da inji ko kaɗan, faifai ne kurum mai juyawa bisa ƙusa guda. Gudun ruwa ke jan zaren, babban yatsan masunci kuwa shi ne birki. A ƙarni na 19 da katako ake sassaƙa shi a garin Notingam, bakin kogin Tirent, kafin kamfanin Allcock ya fito da samfurin Aerial a shekarar 1896. Har yanzu akwai ƴan tsirarun maƙera da ke yin sa da hannu, ɗaya bayan ɗaya, mai saye ya yi watanni yana jira, kuma ya biya ɗaruruwan fam ba tare da ya nemi ragi ba.

In aka ba Basarken Gaya wannan labari, dariya zai yi, domin abin da Bature ke biya da tsada shi ne abin da ya tashi ya tarar a gidansu. Zarensa a jikin guntun katako ko gwangwani yake naɗe shi, kuma da yatsa yake jin taɓin kifi, har ya bambance fizgar tsage da jan tarwaɗa tun bai gan su ba. Shi ke ɗaura ƙugiyoyin mamari, ɗari bisa ɗari, kowace da tazararta. Shi ke saƙa birgi, ya narka dalma ya jera mata a baki. Wanda ya saƙa abu ya san gyaransa, ya kuma san faɗin idon da ya bari, wato ya san kifin da zai riƙe da wanda zai bari ya wuce ya ƙara girma.

Sai dai a ƙasar Dandi aikin hannu ya koma alamar rashi. Kallin roba mai siririn zare, wanda ƴan kasuwa ke shigowa da shi ta Malanbil da Kamba, ya fi sauƙin samu, ya kuma fi kamu a ƴan watannin farko. Amma ɗinkinsa wuya, in ya yage sai a yar, a koma wurin mai kanti, sau da yawa da bashi. Waɗanda suka ga watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, ba su manta yadda kuɗin zare da ƙugiya ya tashi ba, alhali giwan ruwa bai ƙaru a kogi ba. Mai bashi kuwa ba ya zaɓen kifi. Ƙaramin ido yake nema, ya kwashe uwa da ƴaƴa.

Ba laifin roba kaɗai ba ne, a faɗi gaskiya. Kogin Isa kansa ya sha wuya: a watan Yuni na 1985 ya daina gudu a Yamai, kuma yashi bai fasa cike shi ba. A 1998 hukuma ta kafa dokar kamun kifi, amma takarda ba ta shiga jirgi. Turawan nan masu faifai suna da hani a kogunansu daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni, lokacin ƙwan kifi. Sarakunan ruwa na Dandi da Kabi ma sun san hana su a wasu gurabe tun kafin zuwan Nasara, sai dai maganarsu ta rage nauyi. Ma'aikacin gandun daji da ke son a bi doka, da ya fara zama da su da masu saƙa, da ya rage wa kansa yawo.

Ɗan kasuwa kuma yana iya cin ribarsa a zare mai kauri da ƙugiya mai kyau, ya bar saƙa ga masu ita, muddin akwai sauransu. A 2023, da aka rufe gadar Gaya da Malanbil, samari da yawa sun ga fito ya fi su kawo kuɗi, suka jingine birgi suka koma ƙetarar da fasinja da kaya.