Yamai: Inda Ake Binciken Ciwon Tsohuwar Mota

Yamai ita ce babban birnin Nijar tun shekara ta 1926. Tana bakin kogin Kwara, wanda Zabarmawa ke kira Isa. Abin da mutanen birnin ke ci, yawancinsa daga karkara yake fitowa: albasar Galmi, gero da wake, raguna da shanu. Haka ma itacen girki da yashin gini. Yawanci a bayan mota suke shigowa.

Da yawa cikin waɗannan motoci tsofaffi ne. Akwai masu ɗauke da sunan Berliet ko Saviem. Waɗannan kamfanoni biyu na ƙasar Faransa ne, an haɗe su a 1978 ƙarƙashin sunan Renault. Ke nan duk kamyon da ke da ɗayan sunayen ya wuce shekara 40 yana aiki. Mota mai irin wannan shekaru takan mutu a hanya. Ranar da ta mutu, direba yana asara, mai kaya ma yana asara. Albasa tana ruɓewa cikin buhu, dabbobi suna galabaita da ƙishirwa, ranar kasuwa tana wucewa.

Hanyar shiga birni

Mai zuwa daga gabas yana bin hanya mai lamba 1. Ita ce ta ratsa Damagaram da Maraɗi da Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Daga Doso zuwa Yamai wajen kilomita 140 ne. Matafiya da yawa a tashar Wadata suke sauka. Mai zuwa daga ƙetaren kogi kuwa sai ya hau gada. Ta farko ita ce gadar Kenedi, an buɗe ta a 1970.

Wanda motarsa ta lalace, sau da yawa kasuwar Katako ake nuna masa, kusa da unguwar Bukoki. Tun daga nesa ake jin ƙarar guduma. A nan ake narka tsohon ƙarfe a zuba tukunya, a fasa duro a ƙera akwati. A nan ake sayar da katako da kwano da hatsi. Akwai kuma rumfunan tsofaffin kayan mota: tiyo, famfo, matatar mai, murfin tanki. Kanikawa suna aiki a inuwar bango ko ta bishiya, yaransu suna wanke ƙarfe cikin kwano.

Mai yana da hanyarsa

Bakanike mai hankali ba ya fara kwance inji. Tambaya yake fara yi: "Maigida, yaya ta mutu? Farat ɗaya, ko sai da ta yi tari?" Amsar tana da amfani. Motar da mai ya yanke mata takan rage ƙarfi, ta yi fizge-fizge, sannan ta tsaya. Motar isansi da ta mutu farat ɗaya, kamar an hure fitila, galibi wutarta ce ta ɗauke.

In ciwon na mai ne, sai a bi hanyarsa. Manomin rani ya san wannan aiki. In ruwa bai kai ga fangali ba, yakan bi lambatu tun daga bakin rijiya har ya ga inda ya toshe. Haka gazuwal yake tafiya cikin kamyo. Yana tashi daga tanki, ya bi tiyo, ƙaramin famfo ya jawo shi, ya ratsa matata, ya shiga babban famfo. Babban famfo ne ke tura shi da ƙarfi zuwa bakunan da ke fesa shi cikin inji. Ana fara duba abu mai sauƙi da arha. Babban famfo shi ne na ƙarshe, don shi ya fi tsada.

Abu huɗu masu tsai da mota

Na ɗaya, datti. Tsohon tanki yana tsatsa daga ciki, ƙurar hunturu kuma tana shiga duk lokacin da aka buɗe murfi. Dattin yana taruwa a matata. Alamarsa ita ce mota ta yi lafiya a tsaye, amma in ta ɗauki kaya ko ta kama hawa sai ƙarfinta ya ƙare. Maganinsa a sake matata. In sabuwar ta toshe da wuri, a sauke tanki a wanke.

Na biyu, ruwa. Ruwa ya fi gazuwal nauyi, saboda haka gindin tanki yake kwanciya, daidai inda tiyo ke zuƙa. Bakanike yakan tsiyayi mai kaɗan cikin farar kwalba, ya ajiye ta, ya jira. In akwai ruwa, za a gan shi a ƙasa, mai a bisa. Ruwa yana lalata babban famfo, don man ne da kansa ke sa ƙarafan cikinsa santsi.

Na uku, iska. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In tiyo ya tsage ko mahaɗinsa ya yi sako-sako, famfo yana zuƙar iska tare da mai. Irin wannan mota tana wuyar tashi da safe. Haka ma wadda mai ya ƙare mata ƙaf, ko an zuba wani ba ta tashi sai an fidda iskar. Ana sassauta ɗan kusar da ke bisa matata, a danna famfon hannu har kumfa ta daina fita, sannan a ɗaure.

Na huɗu, murfin tanki. Yana da ƴar kafa da iska ke shiga yayin da mai ke raguwa. In laka ta toshe ta, mota takan yi ƴar tafiya ta mutu, a huta kaɗan ta tashi, ta sake mutuwa. In aka buɗe murfin aka ji tanki ya ja iska, an kama ɓarawo. Tsumma ko leda da ta faɗa cikin tanki ma tana yin haka, don takan manne a bakin tiyo.

Akwai gwaji guda da ke raba gardama. Ana cika jarka da mai mai tsabta, a ɗora ta bisa, a jawo tiyo daga cikinta zuwa famfo. In inji ya yi ta aiki bai mutu ba, to ciwon yana baya, wajen tanki ko tsohon tiyo. In ya mutu duk da haka, ciwon yana gaba.

Ƙananan motocin kaya masu shan isansi, irin su tsohuwar Peugeot 404, suna da nasu ciwo. A watan Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40. Isansi yakan zama tururi cikin tiyo, famfo ya kasa jawo shi. Shi ya sa ake ganin direba ya ɗora jiƙaƙƙen tsumma bisa famfo yana jira ya huce.

Daga ina man ya fito?

Gwamnati ta kafa kamfanin SONIDEP a 1977 don kula da sha'anin mai. A 2011 aka buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram, mai iya tace ganga 20.000 a rana. Duk da haka akwai man da ake sayarwa a kwalba da jarka a bakin hanya, wanda ake kira ruwa-ruwa. Wani yakan daɗe cikin duro mai tsatsa, wani an sirka shi da kananzir. Arha ba ta ado. In dole ta sa aka saya, a tace shi da kyalle mai tsabta kafin ya shiga tanki.

Abin da mai kaya zai kiyaye

Manomi ko makiyayi da zai yi hayar mota yana da ikon tambaya tun kafin a yi lodi. Akwai matata ta ajiya? Akwai tiyo da jarka? A ina aka sha mai? Mai dabbobi ya tanadi ruwansu, ya nemi a tashi da sanyin asuba.

In mota ta mutu, a lura da yadda ta mutu, a faɗa wa bakanike daidai. In ya ce a kwance babban famfo, a tambaye shi cikin ladabi ko ya duba murfi da matata da tiyo tukuna. Kada a zuƙi mai da baki, don in ya shiga huhu yana kisa. Kada a kunna taba ko ashana kusa da tanki. Kada a sa hannu gaban bakin da ke fesa gazuwal, don ƙarfinsa yana huda fata.

Waɗannan alamu ɗaya ne da na injin niƙa da injin ban ruwa na ƙauye. Wanda ya iya karatu ya karanta wa ƴan uwansa, don a rage asara. Allah ya kiyaye hanya.