Daga Kumbotso Zuwa Bunkure: Ƙasar Ruwa Da Kunun Yara

A hutun makaranta na tsakiyar rani na tashi daga Kumbotso da sassafe, domin in je in gai da ƙanwar matata wadda ke aure a wani ƙauye kusa da Bunkure. Yaronta na fari ya shiga wata na takwas, ni kuwa ban gan shi ba tun ranar suna.

Wanda bai taɓa bin hanyar nan da rani ba zai yi mamaki. Ka bar Kumbotso da ƙurarta da masana'antun Challawa, ka hau titin Zariya, ka ƙetare kogi a Tamburawa. Kafin ka kai Kura sai ka ga ƙasa ta yi kore shar, sai ka ce watan Agusta ne. Ga alkama, ga albasa, ga masara, ga tumatir jawur cikin kwanduna a bakin hanya. Ruwan nan duka daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Daga can aka jawo shi ta manyan magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Shinkafar Kura ta yi suna, tumatir ɗin Kadawa kuwa har Ikko ake kai shi da manyan motoci.

Daga Karfi muka ratse zuwa Bunkure. Na isa gidan da hantsi, aka ba ni ruwa, muka gaisa. Sa'an nan aka miƙo mini yaron. Da na ɗauke shi sai gabana ya faɗi, gama bai fi nauyin ɗan wata huɗu ba. Gashinsa ya yi ja-ja, ya yi laushi, hannuwansa sirara. Bai yi kuka ba, bai kuwa yi dariya ba. A tsakar gidan nan kuwa ga buhunan shinkafa a jere, ga gyaɗa a rumbu, ga kaji suna yawo, ga bishiyar zogale a jikin danga.

Na tambayi uwar abin da yake ci. Ta ce, "Yaya, nono da koko ne." Ta kawo kokon na gani. Gasara ce aka dama da ruwa mai yawa, aka tace, aka sa sukari, tana zuba daga ludayi kamar ruwan tulu. Sau biyu take ba shi a yini, domin da safe tana tafiya tsinkar tumatir a gonar mutane, sai ta bar shi wurin kakarsa. Ta ce ya sha fama da zawo tun yana wata uku.

A nan ne muka yi doguwar magana da tsohuwar. Na ce, "Iya, yaushe aka fara ba shi ruwa?" Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. Ta ce, "Malam, tun ran da aka haife shi mana. Kai za ka iya zama cikin zafin nan ba ruwa?" Ta kuma gaya mini cewa dakashi, wato nonon fari mai kauri, an matse shi an zubar, don ba shi da kyau.

Ban ga laifin Iya ba. Ƙauna ce ta sa ta yi haka, haka kuma ta ga iyayenta sun yi. Amma abin da masu ilmin lafiya suka tabbatar ke nan. Dakashi shi ne rigakafin jariri na fari, ya kamata a sa shi a nono cikin sa'a guda da haihuwa. Nonon uwa kuwa fiye da kashi 80 cikin 100 nasa ruwa ne, ruwa mai tsabta, saboda haka ya isa ya kashe ƙishi ko a watan Afrilu. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a ba jariri nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba koko, sa'an nan a ci gaba da nono tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Cikin jariri ƙarami ne. In ruwa ya cika shi, ba zai sha nono sosai ba, in bai sha ba kuwa nonon uwar sai ya ragu. Ga shi kuma a ƙasar noman rani ruwan magudana yana kusa, a ciki ake wanki, dabbobi su sha, yara su yi iyo. Ta nan zawo ke shiga gida.

Wannan ba ciwon gida ɗaya ba ne. Binciken lafiya da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a arewa maso yamma kuwa sun fi rabi. Ba kuma sabon abu ba ne. A 1935 wata likita, Cicely Williams, da ke aiki a ƙasar da ake kira Gana yanzu, ta sa wa irin tamowar nan mai kumbura jiki sunan kwashiyoko, daga harshen mutanen Ga, ciwon yaron da aka yaye don an yi masa ƙane. Yaran da ta gani kunun masara tsagwaro ake ba su. Bambancinsa da kokon da na gani a Bunkure kaɗan ne.

Da yamma muka yi aiki. Na ce a kawo gero gwangwani 6, waken suya 3, gyaɗa 1. Aka soya kowanne dabam, aka cire ɓawon waken, aka kai inji aka niƙa tare. Wannan shi ne garin da ma'aikatan lafiya ke kira Tom Brown. Matata ta daɗe tana yinsa a gidanmu, a wurinta na koya. Muka dama da kauri, yadda zai tsaya a cokali ba ya zuba, muka sa ɗan manja da garin zogale kaɗan. Na ce wa uwar ta riƙa ba shi sau 3 a yini ban da nono, in ya cika wata 9 ta ƙara, a cikin kwanonsa shi kaɗai, kada yayyen gida su cinye. A wanke hannu da sabulu, ruwan shansa kuma a tafasa. Wake da aka dafa ya yi laushi, da kabewa, da kifi da aka cire wa ƙaya, duk ya isa ci.

Da na ambaci ƙwai sai Iya ta kama baki. Ta ce, "Yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama." Na ce, "Iya, 'ya'yana huɗu duk sun ci, har yau ba wanda ya taɓa akwatina." Kowa ya yi dariya, har da ita. Maigidan ne ya yi shiru, gama ƙwan gidan da gyaɗar duka kasuwa ake kai su. Bayan abincin dare muka zauna mu biyu a zaure, na ce masa ƙwai ɗaya a yini ba zai rage masa kome ba in an gwada da kuɗin magani da na mota zuwa Kano. Ya ce zai duba.

Kashegari na raka uwar zuwa ɗakin shan magani. Ma'aikaciyar ta zagaya ɗan ma'auni mai launi uku a damtsen yaron. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani, sai an ba shi abincin nan na gyaɗa mai magani. Nasa ya tsaya a ruwan ɗorawa. Ta rubuta nauyinsa a kati, ta ce a komo da shi bayan mako 2.

Da zan tafi Iya ta biyo ni har bakin hanya da ƙullin albasa. Ta ce, "Malam, garin nan naka, in ya ƙare, gwangwani nawa ka ce na waken?" Na ce uku. Ta ƙirga a yatsunta, ta koma gida.