Ciwon Ƙirjin Inna Da Hoto Bai Nuna Ba

Shekara biyu Inna tana kukan ƙirjinta na yi mata nauyi, kamar an ɗora mata turmi. Tana Kurfi, ni kuma ina aikin jinya a Dutsin-Ma, kusan duk ƙarshen mako nakan leƙa ta. Ciwon kan kama ta tana shara ko tuƙin tuwo, wani lokacin ma tana zaune bayan sallar isha'i. Yakan kai minti 15, numfashi ya yi mata wuya, gajiya ta rufe ta.

An yi mata gwajin ECG, aka ce lafiya lau. Dangi suka ce olsa ce, wasu suka ce tunani ne tun rasuwar Baba. Ni ma na bi sahu, na ce, "Inna, ki rage sa damuwa a ranki." Ta dube ni ta ce, "To, 'yar nan, ku ne masu ilimin." Daga ranar ba ta ƙara yi mini maganar ba. Ƙanwata ce ta tsegunta mini cewa takan shige ɗaki ta dafe ƙirji, don kada a ce ta cika raki.

Sai muka tafi Kano wurin likitan zuciya. Da aka sa ta tafiya a kan na'ura ana auna ta, alamar ƙarancin jini a zuciya ta fito. Amma hoton manyan jijiyoyin zuciyar ya nuna babu toshewa. Nan likita ya ambaci sunan ciwon: microvascular angina, wato ciwon ƙananan jijiyoyin jinin zuciya.

Ga yadda na yi wa Inna bayani. Ko da babbar hanyar ruwa daga madatsar Zobe a buɗe take, in ƙananan hanyoyin cikin gona sun tsuke, shuka za ta yi yaushi. Waɗannan jijiyoyi faɗinsu bai kai rabin milimita ba, shi ya sa hoton bai kama su. Aikinsu su buɗe idan zuciya na buƙatar ƙarin jini. In sun gaza, ciwo ya taso.

A 1973 wani likitan Amurka, Harvey Kemp, ya kira shi "Syndrome X", don a lokacin ba a gano musabbabinsa ba. Ya fi kama mata, musamman wajen ɗaukewar al'ada. Hawan jini, ciwon suga da yawan kitse a jini na ƙara haɗarinsa, kuma in an yi sakaci yana iya kaiwa ga bugun zuciya.

Yanzu Inna na shan maganin hawan jini da na rage kitse, ta rage gishiri da dunƙule, tana ɗan tattaki da safe. Ciwon ya yi sauƙi sosai.

'Yar'uwa, in ƙirjinki na ciwo an ce gwaji bai nuna komai ba, ki koma, ki nemi a tura ki wurin likitan zuciya. In ciwon ya zo da zufa, ko ya sauka hannu ko haɓa, asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.

Na roƙi Inna gafara. Ta yi dariya ta ce ai komai ya wuce. Ni dai tun daga nan, duk matar da ta ce mini ƙirjinta na ciwo, sai na ja kujera na zauna na saurare ta.