NA KOYI GOYO INA 'YAR SHEKARA 43

 Ku yi mini haƙuri, yau ba ci gaban labarinmu na kawo muku ba. Wata baiwar Allah ce daga cikinku ta tambaye ni wai 'ya'yana nawa, domin ta lura yadda nake rubuta uwa da ɗanta a yanzu ya sha bamban da na tsofaffin littattafaina. Na daɗe ina jujjuya tambayar nan a raina, daga baya na ga gara in ba ta amsa a gaban kowa, wataƙila wata ta amfana.

'Yar'uwa, ba ni da ɗa ko ɗaya. Ni ce auta a ɗakinmu, na tashi babu ƙani babu ƙanwa, kuma makarantar kwana na yi har na gama sakandare a 1998. Na yi aure, yau sama da shekara 20, Allah bai kawo haihuwa ba. Sau biyu yayata tana cewa in ɗauki 'yarta riƙo, ina ƙi, don gudun kada wata rana a zo a ƙwace a bar ni da ciwo. Ko a gidan suna idan aka miƙo mini jariri, idanun mata nake ji a kaina, sai in yi masa addu'a in yi maza in mayar. To da haka na kai shekara 43 ban taɓa wanke wa yaro kashi ba, alhali a cikin littattafaina na haifi jarirai sun fi hamsin, na yi musu suna, na yaye su, wasu har na aurar.

Littafina na farko ya fito a 2003, lokacin da marubuci zai kai na ɗaya shagunan littattafai na kasuwar Sabon Gari, kafin wata ya zagayo ana neman na biyu da na uku. Kun san yadda abin ya koma. Waya ta cinye takarda, karatu ya koma WhatsApp da Wattpad, ki sa kuɗin shiga zaure mutum goma su biya, ɗaya ta fitar da labarin dubu su karanta a banza. Shi ya sa a watan Afrilun 2023 na shiga wani ɗan kwas na wata shida a nan Kano kan kula da ƙananan yara, tunda suna karɓar mai takardar sakandare, kuma makarantun naziri yanzu kusan kowane lungu akwai. Sharaɗin samun takardar shi ne a tura ki wata makaranta ki yi sati shida kina aiki, mai makarantar ta sa hannu cewa kin iya.

A watan Satumba aka tura ni, daidai komawa hutu. Lokacin an cire tallafin fetur tun watan Mayu, kuɗin adaidaita sahu ya ninka, saboda haka rabin hanyar a ƙafa nake yi. Ranar farko Hajiya mai makarantar ta dube ni sama da ƙasa, ta ga shekaruna, ta ce, "Alhamdulillahi, wannan karon babba suka turo mana. Ke ai ba sai an gaya miki komai ba, uwa ce." Na buɗe baki zan gyara maganar, kunya ta riƙe ni, na yi murmushi kawai. Wannan shirun da na yi ƙarya ce, kuma na sha wahalarta.

Ajin 'yan shekara biyu zuwa uku aka kai ni. A kwas an gaya mana tsarin ilimi na ƙasa ya ce kada yaran naziri su wuce 25 a hannun malama ɗaya, amma a nan 31 na tarar. Malamar ajin yarinya ce da na kusa haifarta, sai wata dattijuwa mai share-share da tsarkin yara wadda kowa yake kira Iya. Ita ko aji ɗaya na boko ba ta yi ba. Satin farko ne na zango, fiye da rabin yaran ranar suka fara rabuwa da iyayensu, idan ɗaya ya tsage da kuka sai sauran su amsa masa. Wallahi na tsaya a tsakiyar ɗakin nan da jakata a kafaɗa, duk abin da na haddace a littafin kwas ya gudu.

Kafin a tashi na ɗaura wa yaro famfas gaba a baya. Na bai wa wani abincin da ba nasa ba saboda kulolinsu iri ɗaya ne. Wata mai ƙiwa na ɗauka ina jijjigawa ina cewa ga Mama nan zuwa, ta zuba wa ƙofa ido, da ta ga shiru sai ta ƙara ƙarfin kukan, kuma ranar ba ta sake yarda da ni ba. Washegari malamar ta ce in goya wani da ya ƙi sauka daga hannu. Na sunkuya na ɗora shi, kafin in ja zani ya sulale ta gefe, Allah ya sa Iya tana kusa ta tare shi. Ba ta ce mini uffan ba.

Rana ta uku da yara suka yi barci na same ta a bakin famfo tana wanke fo. Na durƙusa kusa da ita na ce, "Iya, ni fa ban taɓa haihuwa ba, kuma ban taɓa raino ba." Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ai tun ran Litinin na sani 'yar nan, daga yadda kike ɗaukar yaro kamar kiret ɗin ƙwai. Jira nake ki faɗa da bakinki, don ba a koya wa wanda ya ce ya iya." Daga nan ta miƙo mini soso.

Abin da Iya ta koya mini a kwanakin da suka biyo baya ya cika mini ɗan littafin da nake ɓoyewa a jaka. Idan za ki yi wa yaro magana, durƙusa idonki ya daidaita da nasa. Idan an kawo shi da safe, taɓa wuyansa da bayan hannunki, ki duba jikinsa, in akwai ƙwarzane ki nuna wa wanda ya kawo shi tun bai tafi ba. Tsarkin 'ya mace daga gaba ake yi zuwa baya. Kada ki ce wa mai kuka uwarsa tana zuwa yanzu, ce masa za ta zo bayan an ci abinci an yi barci, domin yaro bai san agogo ba amma ya san abin da ke bin wani. Duk ƙofar da kuka wuce ki ƙirga kawuna. Kada a bar bokiti da ruwa a buɗe ko na minti ɗaya. Gyaɗa, alawa mai tauri da murfin biro, duk inda kika gani ki kawar. Goyo kuwa da filo na fara, a gida da daddare, maigidana yana kallona yana danne dariya, har na gane yadda ake matse hannun yaro a hammata kafin a ja zani, sannan a ƙara majanyi.

Ni kuma da nake ganin ko ba komai na iya ba da labari, nan ma sai da aka sauke mini girman kai. Na shirya musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi mai ƙulli da warwara, ban kai rabi ba ajin ya watse. Ashe ɗan shekara biyu babu ruwansa da yadda labari zai ƙare. Ki yi kukan akuya, ki maimaita magana ɗaya sau biyar suna amsawa, ki gama cikin minti uku, gobe ma ita za su ce ki sake.

A sati na uku wata yarinya ta ciji wata a hannu ina tsaye a wurin, na juya ina ɗaure wa wani takalmi. Da uwar wadda aka ciza ta zo, ashe ta san ni a unguwa. A gaban sauran iyaye ta ɗaga murya ta ce, "Dole a cinye mini 'ya, tunda an bar yara a hannun wadda ba ta san zafin naƙuda ba." Na sha jin irin wannan a bayan ido, amma a fuska ranar ce farko. Da kuka na isa gida, na ce wa maigidana na gama, takardar ta sha ruwa. Ya ce, "Ba zan tilasta miki ba, amma ki je gobe ki yi musu sallama, kada ki ɓace kamar marar gaskiya."

Da niyyar sallama na je. Iya ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ni tara na haifa, na binne huɗu. Naƙuda ba ta koya mini komai ba sai salati da ihu. Kakata ce ta koya mini raino, da ranƙwashi, ina 'yar shekara bakwai. Ke ba ki samu mai ranƙwashinki da wuri ba ne kawai. Ɗauki buta, ga wancan ya ɓata wando." Na ajiye jaka na ɗauki buta.

Akwai wani yaro a ajin, bari in kira shi Mai Jan Takalmi, wanda tun sati na biyu ya maƙale mini, duk inda na yi yana riƙe da gefen hijabina. Wata Talata a sati na biyar, cikin Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro yake kan ganiyarsa bayan damina, na karɓe shi da safe na ji wuyansa da ɗumi. A nan na yi kuskuren da har yau yake damuna. Na ce a raina kada a ce baƙuwa ta cika zaƙewa, bari in ga yadda zai yi zuwa anjima. Ban gaya wa kowa ba.

Wajen ƙarfe sha ɗaya yana zaune a kan tabarma sai ya kife. Jikinsa ya sandare, idanu suka kakkafe, hannu da ƙafa suka shiga jijjiga. Malamar ta ɗora hannu a ka tana salati, yara suka ruɗe da kuka, Iya ta zabura ta ɗauko cokali za ta tura masa a baki, kamar yadda aka saba yi wa yaro mai taune-taune. Abin mamaki, a wannan lokacin karatun kwas ɗin da ya guje mini ranar farko ya dawo tar. An koya mana cewa zafin zazzaɓi yana jawo wa wasu yara jijjiga tsakanin wata shida zuwa shekara biyar, yawanci takan tsaya da kanta kafin minti biyar, mutum ba ya haɗiye harshensa, cokali kuwa yana iya karya haƙori ko ya toshe numfashi. Ba a ɗura ruwa ko magani, ba a danne yaro.

Na riƙe hannun Iya, matar da ta koya mini komai, na ce, "Iya don girman Allah kada ki sa." Ta ce, "Sake ni 'yar nan, zai datse harshe!" Ban sake ta ba sai da ta jefar. Na kwantar da shi ta gefe don yawu ya zubo waje, na kawar da kujeru, na sassauta masa riga, na ce wa malamar ta duba agogon wayarta ta fitar da sauran yara. Minti biyu da 'yan kai ya yi, amma a wurina kamar wuni. Da jikin ya saki ya fara numfashi daidai, na sunkuya, Iya ta ɗora mini shi, na ja zani na ɗaure na ƙara majanyi, muka fita titi neman adaidaita Hajiya tana kiran uwarsa a waya. Sai a cikin adaidaitar na tuna wannan ne karo na farko da na fita waje da goyo a bayana.

A asibiti aka ɗan tsaga yatsarsa aka gwada, maleriya ce. Kwana biyu ya yi aka sallame shi. Na je na sami Hajiya na gaya mata tun safe na ji jikinsa da zafi na yi shiru, na kuma gaya mata abin da na ɓoye ranar farko. Ta yi mini faɗa sosai, kuma na cancanta. Daga ranar ta sayo abin auna zafin jiki ta ce duk yaron da ya kai 38 a kira gidansu nan take.

Iya kwana biyu tana amsa gaisuwata a daƙile. Rana ta uku muna bakin famfo ta ce, "Maimaita mini maganar harshen nan." Na maimaita. Ta yi shiru can ta ce, "Na biyun da na binne, haka ya yi. Har da hayaƙi muka yi masa." Ban sami abin ce mata ba, muka ci gaba da wanki.

Hajiya ta sa mini hannu a ƙarshen sati na shida, kuma a farkon 2024 ta kira ni aiki, har yau ina can, albashin ba yawa amma yana toshe wata kafa. Matar da ta gaya mini magana ba ta taɓa ba ni haƙuri ba, sai dai bara da ta kawo ƙaramin ɗanta, ni ta miƙa wa shi a bakin ƙofa.

Saboda haka duk wadda za a tura irin wannan wuri ba ta taɓa raino ba, ki faɗi gaskiya tun ranar farko, kunyar ta minti ɗaya ce. Ki nemi Iyar wurin, kowace makaranta tana da tata, ki durƙusa ki koya. Amma abin da aka koya miki na lafiya da agajin gaggawa ki riƙe shi da kyau, akwai ranar da ke kaɗai za ki tuna shi. Idan kuma kika ga abin da bai kwanta miki ba a jikin yaro, ki faɗa a take ko da za a ce kin cika zaƙewa.

Ke kuma da kika yi tambaya, kin ji inda sababbin jariran littattafaina suka samo majina da rigima. Iya tana gaishe ku, ta ce a daina sa cokali. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Taku har kullum.