Ranar da bodin Hilux ya yanka mini taya

Duk mai Hilux ya san wannan sha'awar. Kana tsaye bakin titi sai wata ta gifta da tayoyi masu faɗi, sun leƙo waje da bodi, ta zauna daram a ƙasa, daga nan taka ta daina burge ka. Ni ma ta kama ni, har na nema mata hujja. Sana'ata sayen hatsi ce. Ina bin kasuwanni irin su Gujungu da Maigatari, in shiga ƙauyuka in tattaro gero da riɗi in kawo Dawanau, kuma hanyoyin can akwai rairayi. Sai na ce wa kaina taya mai faɗi ba ta nutsewa. Akwai gaskiya a ciki, amma rage wa taya iska kafin a shiga yashi ya fi faɗin rim amfani, na kuma san haka tun a lokacin. Kyan gani nake so.

Motata ta zo da taya 265/65R17 a kan rim mai faɗin inci 7.5. Na je kasuwar kayan gyara na ga rim na alminiyam mai inci 9, baƙi, yana sheƙi. Tambaya ɗaya na yi wa mai shagon: "Zai hau Hilux?" Ya ce, "Alhaji, zai hau." Bai yi mini ƙarya ba. Ramin noti shida ne, tazararsu milimita 139.7, daidai da ta Toyota. Na haɗa da taya 285/70R17, mai faci ya ɗaura, na zaga unguwa a kan kwalta, bayan mota babu ko buhu ɗaya, na dawo na ce lafiya lau.

Tambayar da ban yi ba tana rubuce a jikin rim ɗin, ta ciki. Akwai haruffa biyu, ET, da lamba a gabansu. Lambar tana faɗin milimita nawa ne tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ke manne wa mota inda ake ɗaure noti. In lambar ta yi yawa, taya tana shigewa ciki, in ta ragu, tana fitowa waje. Tsohon rim ɗina ET30 ne, sabon kuwa ET0. Wato tsakiyar tayar ta matso waje da milimita 30. Sabuwar tayar ta fi tsohuwar faɗi da milimita 20, goma ta kowane gefe, ka ga ke nan kafaɗarta ta waje ta fito da kusan milimita 40. Tsayi ma ya ƙaru: tsohuwar milimita 776 ce daga ƙasa zuwa sama, sabuwar 831, saboda haka samanta ya matsa kusa da bodi da milimita 27. A kan takarda duka-duka bai kai tsawon yatsa ba. A ƙarƙashin madigadi kuwa, nan ne filin da masu ƙera motar suka bari domin taya ta juya, ta hau, ta sauka.

Motar ta yi mini gargaɗi tun a makon farko. Duk lokacin da na murɗe sitiyari har ƙarshe ina ribas, sai in ji "gurrr" daga gaba. Yaron motata ya ce, "Oga, taya na taɓawa." Na ce roba ce, za ta cinye kanta ta yi shiru. Na fara kauce wa murɗe sitiyari duka, ina yin kwana sau biyu inda da sau ɗaya nake yi. Wannan shi ne kuskuren da ya fi ci mini rai, domin na farkon rashin sani ne, wannan kuwa na ji da kunnena na share.

Dalilin ƙarar ba ɓoyayye ba ne. Tayar gaba tana juyawa ne kamar ƙyauren ƙofa, gwargwadon nisan bakin ƙyaure daga inda aka kafe shi, gwargwadon filin da zai share in an buɗe. Da na turo tayar waje, sai kafaɗarta ta riƙa yin babban zagaye. Gaban tayar yana gogar robar da ke bayan bamba, bayanta kuma yana cin robar tare laka, bayan robar nan kuwa akwai ƙarfen da ke riƙe kan mota a jikin shasi. Roba takan cinye, ƙarfe sai dai ya ci taya.

Amma ba tayar gaba ce ta kusa kashe mu ba. Ran nan da yamma muka taso daga wani ƙauye da gero. Hilux tan ɗaya ko kusa da haka aka yi ta ta ɗauka, wato buhu goma na kilo ɗari, ni kuwa na zarce, kamar yadda yawancinmu muke yi. A kan buhunan akwai masu lodi biyu da na rage wa hanya. Duk ramin da muka faɗa sai in ji "ƙiiit" daga baya, gajere, sai ya ɗauke. Muna hawa kwalta na ƙara wuta. Ba mu yi nisa ba tayar baya ta dama ta fashe. Bayan motar ya yi wutsiya, ya ja mu gefen hanya, na riƙe sitiyari da hannu biyu ina salati, ban taka birki da ƙarfi ba, har muka tsaya cikin gonar wani. Ɗaya daga cikin masu lodin ya zame daga kan buhu, igiyar lodi ce ta tare shi. Allah ya kiyaye, babu wanda ya karye. Da na sauko na tarar da shi zaune a ƙasa yana duban tafin hannunsa da igiya ta saɓule, bai ce mini komai ba.

Washegari na kai wa tsohon makanikenmu tayar. Ya juya ta, ya bi gefenta da babban yatsa. Tsaga ce siririya ta zagaye kafaɗar tayar kaf, sumul, ba irin yagewar da dutse ko ƙusa ke yi ba. Ya tsugunna ya leƙa ƙarƙashin madigadin baya, ya kira ni. Bakin ƙarfen ya yi fari fes, fenti ya tafi, ga ɓarɓashin baƙar roba manne a jiki.

"Alhaji, da kaya ka gwada ta ko babu kaya?"

Na ce, "Baba, babu kaya."

"To ai ba motarka ka gwada ba. Taka kullum da buhu take."

Ya nuna mini sauran. Sifirin ɗin baya ya gaji ya miƙe, robar da ke tare aksil kada ya kai ƙarshe ta ɓangaren dama ta tsage ta faɗi tun tuni. Da tsohuwar taya, ko mota ta zauna, tayar takan shige cikin madigadi ta wuce bakin ƙarfen ta ciki. Sabuwar da ta fito waje sai ta riƙa haɗuwa da shi kai tsaye, kowane rami yanka ɗaya.

Na ce ko a ɗaga motar, kamar yadda samari suke yi. Ya girgiza kai. Ɗagawa tana canza inda mota ke tsayawa ne in tana fake, amma ranar da ta faɗa rami da lodi, taya za ta hau har inda take kaiwa da, sai in an sa robar tarewa mai tsawo ta taƙaita hawan. Faifan da ake sakawa tsakanin rim da mota kuwa ƙara turo taya waje yake yi. Yana maganin gogar ciki, inda taya ke taɓa hannun sama na shokozoba ko shasi, ni kuwa gogar waje ce ke damuna. Ya ƙara da cewa duk tayar da aka tura waje tana ɗora wa boris nauyi daga gefe, sitiyari ya riƙa fizga a kan gargada. Wani abin ma ban taɓa kawo shi a raina ba: tunda sabuwar tayar ta fi tsohuwar girma da kashi 7 cikin ɗari, in agogon gudu ya nuna 100, a kan 107 nake. Notin ma ya duba, domin na rim ɗin alminiyam na Toyota mai shimfiɗaɗɗen wasa ne, yawancin rim na kasuwa kuwa mai tsinin baki suke so, in aka haɗa ba daidai ba sai ya kwance a hanya.

Na koma kan rim ɗina na asali, na sa 265/70R17, wadda samanta ya fi na tayar asali tashi da milimita 13 kacal. Aka canza sifirin da robobin tarewa, aka ɗan datse robar tare laka ta gaba, mai alaimen ya daidaita ƙafafun. Sannan Baba ya yi gwajin da ya kamata in yi tun farko. Ya sa aka loda buhuna daidai awon motar. Ya shafa alli a kafaɗun tayoyi huɗu. Na murɗe sitiyari har ƙarshe hagu da dama, gaba da ribas. Ya sa na hau tudun ƙasa da ƙafa ɗaya, ta gaba sannan ta baya, yadda za ta matse sama ta ɗaya gefen ta saki, shi kuma yana kwance da tocila yana zura yatsu tsakanin taya da ƙarfe, yana duba tiyon birki da wayar ABS ko suna kusa. Duk inda alli ya bar shaida a jikin mota, nan ne ake gyarawa. Bayan 'yar tafiya na koma aka sake ɗaure noti.

Baƙaƙen rim ɗin na sayar da su da asara. Wanda ya saya ya ce shi ba ya lodi, cikin gari kawai yake yawo. Duk da haka na juya masa ɗaya na nuna masa ET0 ɗin, na fito da yankakkiyar tayar ya gani, na ce kafin ya biya mu je a ɗaura, ya cika bayan motarsa da abin da ya fi nauyi da yake ɗauka, mu hau tudun nan na garejin Baba.