Ranar da aka tsayar da mu a bakin ƙofa



A damanar bara ɗiyar ma'ajiyarmu ta haihu cikin wata bakwai. Jaririn bai kai kilo biyu ba, aka sa shi cikin kwalba a babban gidan likita. Mu kuwa, yadda muka saba, muka ɗunguma mu tara da kunu da tuwo, za mu barka. A bakin ƙofa ma'aikaciya ta tare mu: "Inna, ku yi haƙuri, uwa kaɗai ke shiga." Ranmu ya ɓaci. Ɗaya cikinmu har ta ce: "Mu da munka haifi goma-goma, yau mu za a nuna ma jariri?"

Wadda ta sanyaya mana zuciya ba likita ba ce, mai goge ɗakin ce, ta fito sake ruwan bokiti. Ta ce fatar bakwaini kamar bayan albasa take, ga tiyo a hanci, ga allura a jijiya, duk ƙofofin cuta ne. Ƙwayoyin cuta kuma suna iya yin kwanaki a raye a kan marfin kwalba, da sikeli, da hannun ƙofa, har da salular da ke cikin lalitarmu. Ido ba ya ganinsu.

Ta tagar gilashi muka ga aikinta. Sabulu da ruwa tukuna, sannan ruwan javel, domin javel a kan dauɗa ƙarfinsa mutuwa yake. Tana farawa daga sama zuwa ƙasa, daga wuri mai tsabta zuwa mai datti. Kowane gado da tsummansa. Ba ta share javel ɗin nan take, sai ta bar shi ya ɗan jima ya yi aikinsa. Kullum sabon haɗi ake yi, na jiya zubarwa ake. Cikin kwalba kuwa ba a sa masa javel sai an fidda jariri, an ɗauraye, ya bushe.

Abin da ya tada mana hankali shi ne da ta ce wata rana sabulu kan ƙare, tsummoki ba su isa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2022 cewa a ƙasashe irin namu, cikin majinyata 100 da aka kwantar, 15 a can suke ɗaukar wata cutar. To ina ga wanda bai cika watanninsa ba?

A zaman asusu na gaba muka yanke abu uku. Kowa za ta ƙara dala ashirin a mako, a sayi sabulu da javel da tsummoki a miƙa hannun shugabar ɗakin. In ɗiyarmu na ɗakin jarirai, barka a tsakar gida za a yi ta. Mai jego kuma ta yanke farce, ta cire zobe da awarwaro, ta wanke hannu da sabulu kusan minti guda kafin ta taɓa ɗanta, salula ta zauna waje.

Yaronmu ya fito bayan mako biyar, yau rarrafe yake, alhamdulillahi. Ba duk waɗanda ya tarar a ɗakin suka koma gida ba, Allah ya ba iyayensu haƙuri. Ranar suna mun aika wa baiwar Allah mai bokiti da nata kason nama, irin na ungozoma. In ƙungiyarku na kusa da gidan haihuwa, ku je ku tambaye su abin da ya ƙare musu.